Wayar Gidan Iya Tabawa

Ku ajiye salular nan tukuna, ku ba ni kunnuwanku. Tun da kuka zauna a kan bencin nan nake jin ku, wai wayarin ba wani abu ba ne, ja da ja, baƙi da baƙi, a naɗe da salatif a kaɗe riga a tafi. Wannan mai jar hular har cewa ya yi a bidiyo ya koya cikin kwana uku. Madalla da kai. Ni shekara arba'in da huɗu ina wannan aiki tsakanin Jakara da Ƙofar Na'isa, in ba ka ce Isyaku Wayarin ba babu mai nuna maka shagona, amma har gobe in zan taɓa waya sai na yi bismilla na cusa hannun hagu a aljihu. Kun ce kamfanin nan mai sayar da motocin lantarki yana ɗaukar masu kafa akwatin caji a gidajen mutane, kuna so in sa muku hannu a takarda cewa kun zauna a wurina. Za mu zo kan wannan. Sai kun fara jin yadda aka kafa akwatin kyauta na farko a unguwar nan, da tsohuwar da ta kusa rasa abincinta a kansa.

Maigidana Malam Ɗan'azumi, Allah ya jiƙansa, shekara biyu na yi a hannunsa ban riƙe fulaya ba. Tsani nake ɗauka, wani na katako mai nauyin jaraba, in bi da shi lungunan cikin gari inda in ka juya ba daidai ba sai ka kifar wa mai koko tukunya. In mun shiga gida sai ya nuna mini waya ɗaya ya ce, "Bi ta." In bi ta tun daga mita, ta kan azara, ta bayan randa, ta saman banɗaki, har in ga inda ta ƙare, in dawo in faɗa masa. In na ce ta shige bango ban ga mafitarta ba, sai ya ce, "To aljanu ne ke shan wutar? Koma." Ranar da ya fara miƙo mini testa ji na yi kamar an naɗa ni sarauta. Kafin la'asar wuta ta ja ni ta yar da ni daga kan tsani. Ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Yawwa, yanzu kun gaisa."

Kayan aikina ga su nan a jakar fatar nan da wani baduku ya ɗinka mini a kasuwar Kurmi: fulaya, sukundireba biyu, testa, guduma, salatif, da 'yar wuƙar feɗe waya. Ba su da yawa. Abin da ke da yawa shi ne sanin gidan cikin gari. Ginin ƙasa ba ya riƙe ƙusa, sai ka haƙa ka binne katako, ka yaɓe, ka ba shi kwana biyu ya sha iska. Ba a kafa soket a ƙarƙashin indararo don kawai ana rani. Ba a hawa saman soro sai an ɗaga murya mata sun kimtsa, in ba haka ba kafin ka sauko an kai ƙararka wurin mai unguwa. Gida ɗaya magada goma sha, kowa da ƙwan fitilarsa da fankarsa, kowa kuma zai dafa Alƙur'ani ba shi ke cinye wutar ba.

Sai kuma abin da ba kwa son a yi muku maganarsa, don ba ya haske, ba ya juya fanka: wayar ƙasa. Ita ce waya ta uku. Ana ɗaure ta a jikin rodin jan ƙarfe, a binne shi a wuri mai danshi tare da gawayi da gishiri. In wuta ta ɓalle ta hau jikin firji ko famfo, wannan wayar ce ke janye ta ta zubar a ƙasa, maimakon ta bi ta jikin matar gida. Ku riƙe wannan da kyau, duk labarin a kanta yake.

Shekara ashirin da bakwai ke nan Malam Hamisu, mai sayar da fatu a Kurmi, ya kira ni gidansa da ke bakin lungun bayan masallaci. Ya sayo firji, matarsa ta taɓa murfin ta kurma ihu. Na duba na ga gidan ba wayar ƙasa ko ta magani. Matsalar ita ce gidan a kan tudu yake, tudun ma ba na Allah ba, tarin tsohon gini ne, kakanni su rushe su ɗora, 'ya'ya su rushe su ɗora. Ƙasar a bushe take ƙarau kamar garin kwaki. Na kafa rodi wuri uku, na yi ta zuba gishiri har matan gida suka fara ɓoye na miya, duk a banza. Da na rasa yadda zan yi sai na ɗaga murya mata suka kimtsa, na hau katangar baya ina dube-dube. Can na hango gidan da ke bayansu a cikin kwari, da rijiya a tsakar gida, bakinta kore shar da gansakuka.

Gidan Iya Tabawa ne. A lokacin ba ta zama Iya ba, mijinta bai fi wata da rasuwa ba, tana cikin takaba, bai bar mata komai ba sai ɗakuna biyu da rijiyar nan. Na sauko na ce wa Malam Hamisu ga wurin da rodi zai yi aiki, amma ba gidansa ba ne.

Ya ce, "To a sa a can. Kai kuma ka ja mata wuta daga mitata, tukuicin ƙasarta ke nan. Kowa ya amfana."

Mai takaba ba a zaunar da ita ana yi mata bayanin rodi da gawayi. Malam ya tura matarsa, matar ta je ta taƙaita, ta ce, "Malam ya ce a sa miki wuta." Shi ke nan abin da ya isa kunnenta. Na yi kwana biyu ina aiki a bakin rijiya, tana cikin ɗaki a bayan labule, ko inuwarta ban gani ba. Na binne rodin, na ɗora faffaɗan dutse a kai. Na ja kebur ɗaya ta kan katanga mai waya uku a ciki, biyu masu kai mata wuta, ɗaya mai komowa daga rijiyarta tana tsare gidan Malam. Daga ranar firjin ya daina cizo.

Da ta fita takaba ta zo godiya. Ina wurin, na je gyaran fanka a zaure, Malam na zaune da liman da abokan hirarsa. Ta cire takalmi tun daga waje ta durƙusa, tana hawaye tana sa albarka, wai ya fitar da ita daga duhu. Wallahi na ga bakin Malam ya motsa kamar zai gaya mata gaskiyar abin. Sai liman ya riga shi ya ce, "Malam Hamisu, wannan ita ce sadaka mai gudana." Malam ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ai ba komai, yi wa kai ne." Mutumin kirki ne, ba cin namansa nake ba, amma ɗan kasuwa ne, ba a miƙa masa riba ya mayar. Ya dube ni, ni kuma na dubi fanka. Na ce a raina a bar kaza cikin gashinta, me ya yi mini zafi.

Ta sayar da tasoshinta na aure ta sayi tsohuwar firiza. Da ita ta rayu. Ƙanƙara, zoɓo, kunun aya, lamurje. In an kawo wuta awa huɗu ta daskarar, ta lulluɓe da buhu, ta sayar har a sake kawowa. Ba ta taɓa zuwa ƙofar kowa roƙo ba. Duk azumi, tun daga ɗaya har talatin, sai ta kai babban curin ƙanƙara gidan Malam Hamisu kafin a sha ruwa, ni ma ta biyo shagon nan ta ajiye mini ƙarami, wai na mai hannun albarka. In ta haɗu da 'ya'yan gidan a lungu, 'ya'yan da ta girme wa uwarsu, ita ce mai raɓewa jikin bango ta fara gaida su. Dutsen nan kuwa a kansa take ajiye guga tana wanke-wanke, kullum tana shayar da rodin ruwa ba ta sani ba. Duk cikin garin nan ban taɓa kafa rodin da ya kai shi lafiya ba.

Shekarar da taransifomar unguwa ta ƙone ita ce shekarar da na ƙi jinin tunawa. Wata takwas ba wuta. Mai wayarin a unguwar da ba wuta, ai shi da mai sayar da lema da rani ɗaya suke. Na koma bakin Kurmi ina gyaran tocila da risho, mutanen da ke layi a shagona suka koma in sun hango ni su tsallaka titi, kamar ni na ƙona ta. Azumi ya faɗo a ciki. Ranar farko sai ga Iya Tabawa da ƙwarya a rufe da faifai, ruwan randa ne ta tace ta sanyaya. Ta ce, "Isyaku, a yi haƙuri da wannan, bana ban samu ƙanƙarar ba." Daga nan ta wuce gidan Malam ta ba su haƙuri su ma.

Malam Hamisu ya rasu, babban ɗansa Alhaji Nasiru ya sallami sauran magada ya riƙe gidan. Kun san shi, shi ne mai tura jakunkunan fata ƙasashen waje. Allah ya ba shi, amma jinin Kurmi ne, ba ya sayen abu ya tafi ba gyara. An ce ko a asibiti da aka yi masa allura sai da ya tsaya ya ce wa ma'aikaciyar, "Ba ɗan ƙari?" To bara sai ya ji talla a rediyo, duk wanda ya sayi motar lantarki za a zo har gida a kafa masa akwatin caji kyauta. Kalmar kyautar nan ita ta hana Alhaji sukuni. Ba motar ce ta dame shi ba, yana da biyu. Gyaran ne ba zai iya gani ya wuce ba. Ya je ya sayo mota don kada akwati ya kuɓuce masa.

Sai da mota ta iso aka miƙo masa takardar sharuɗɗa, da rubutu ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Na farko, sai kana da garejinka na kanka. Alhaji ba shi da shi, a bakin titi yake ajiye motoci. Ya sa aka rushe zauren da ubansa ya yi shekara arba'in yana karɓar baƙi a ciki. Akwati ba ya zama a ginin ƙasa, aka tayar da bangon bulo. Ba ya aiki da layi ɗaya, sai layi uku, aka kafa falwaya biyu aka sauya mita. Kebur ɗin kyauta taku goma sha biyu ne kacal, daga nan kuma naka ne, shi kuwa tsakanin mitarsa da gareji sai ka yi taku arba'in. Da aka zo maganar cewa wutar unguwarmu awa huɗu take yi in ta ga dama, motar kuma tana son ta wuni tana sha, sai aka ba shi shawara ya sayi babban janareta. Wato ya riƙa ƙona mai don ya cika motar da aka ƙera don gudun mai. Duk wanda ya yi masa magana sai ya ce, "Amma fa akwatin kyauta ne."

Ranar kafawa ya aiko a kira ni in nuna wa ma'aikatan kamfani inda wayoyin gidan suka bi, tunda ni nake gyara su shekara da shekaru. Samari ne biyu kamar ku, da hular kwano da riga mai ƙyalli, da wata na'ura mai allo da suke shafawa da yatsa. Ban raina su ba, hannunsu na da tsafta, sun ɗaure akwatin a miƙe ɗas. Babban cikinsu, wanda ake ce wa Injiniya, ya ɗaga kai ya hango kebur ɗina ya haye katanga.

Ya ce, "Alhaji, wannan ina ya nufa?"

Alhaji ya ce, "Wata tsohuwa ce a baya, mahaifina ya taimaka mata da wuta."

Ya ce, "To sharaɗi na tara ya ce ba a jona wa wani gida daga mitar da akwatinmu ke kai. In ba a cire ba, kyauta ta tashi, sai dai a biya."

Na ga fuskar Alhaji ta sauya, kamar an ce masa kaya sun nutse a teku. Na matso na ce, "Injiniya, kafin ka yanke, feɗe ka ƙirga. Waya uku ce a ciki."

Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ko goma ce, jone jone ne."

Na juya wurin Alhaji na ce, "Alhaji, ka ba ni minti biyar in yi maka bayanin kebur ɗin nan."

Ya dafa kafaɗata a gaban yaran nan, a gaban magina, ya ce, "Baba Isyaku, wannan ba aikin salatif ba ne, na kwamfuta ne. Kun yi naku zamanin, Allah ya saka. Iya kuma shekara ashirin da shida tana shan wutar gidan nan, ai an yi mata."

Aikin salatif! Ni da na sa wa ɗakin da aka haife shi ƙwan fitila. Na tattara jakata na ce, "To Allah ya ba da sa'a." Ban kai bakin lungu ba na ji ƙarar fulaya, ƙat. Ko minti biyu aikin bai ɗauka ba. Ga sauƙin da kuke faɗa nan.

Ku ji inda na yi nawa laifin, don ba zan wanke kaina ba. Na san gidan nan ya koma ba wayar ƙasa, da mata da yara a ciki. Na san firizar tsohuwa ta tsaya, ga zafi ya fara, azumi saura wata guda, lokacin da take samun na shekara. Magana ɗaya zan koma in faɗa komai ya warware. Na ƙi. So nake Alhaji ya tako da ƙafarsa har shagon nan.

Washegari Iya Tabawa ta zo tana dogara sanda. Ta ce, "Isyaku, na ga maƙwabta da wuta, tawa shiru. Ko wani abu ya ƙone?"

Na ce, "Iya, Alhaji ne ya sa aka cire, saboda sabuwar motarsa."

Sai ta ce, "To, ai sun yi ƙoƙari. Wanda ya ara maka riga, ranar da ya ce tuɓe ba ka da ta cewa sai godiya. Kada ka ce masa na yi magana." Ta juya ta tafi. Kunun ayar da ta haɗa ya yi tsami ta zubar a kwata, masu sarin ƙanƙararta suka koma wani lungu. Ina zaune a nan ina gani.

Can gidan Alhaji kuwa, aka kawo wuta, aka soka wa mota, akwati ya kunna jar fitila ya yi ƙememe. Irin waɗannan akwatunan ba sa sakin wuta sai sun ji wayar ƙasa mai kyau, wannan kam na yaba wa wanda ya ƙera su. Samarin suka buga nasu rodin a cikin gareji, a kan tudun nan da na sha wahala tun ba a haife su ba. Ja. Suka kira ofis, ofis ya ce a kashe a kunna. Ja. Suka ce rodi ɗaya ne a cikin kyautar, na biyu sai an saya. Aka saya, aka buga, ja dai. Rana ta uku Hajiya, matar Alhaji, ta taɓa famfon kicin ta watsar da tukunya. Rana ta biyar Alhaji ya zo alwala ya kama kan famfo, aka ji salatinsa har masallaci. Nan take unguwa ta gano dalili: aljanun tsohon zaure ne aka rushe wa mazauni ba sallama. Aka ɗauko mai ruƙiyya, ya yi wa akwatin tofi, aka turara gareji har motar ta koma ƙamshin habbatussauda. Mota dai na nan a tsaye ba ta motsi, awakin maƙwabta sun samu inuwa a gindinta.

Rana ta tara, bayan la'asar, sai ga Alhaji Nasiru ya yi sallama, ya zauna a daidai inda mai jar hular nan yake. Ya gaishe ni har da tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya, abin da bai taɓa yi ba. Sannan ya ce, "Baba, minti biyar ɗin nan da ka nema."

Na ce, "Na aikin salatif?"

Ya ce, "Don girman Allah, Baba. Hajiya ta ce yau za ta kwashe yara ta tafi gidansu."

Na gaya masa komai, tun daga firjin uwarsa har dutsen bakin rijiya. Ya cire hula ya share gumi. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "To ba za a iya mayar da ta ukun kaɗai ba, a bar biyun?" Na ce za a iya mana, sai dai ya je da bakinsa ya gaya wa mai rijiyar haka. Ya kira Injiniya a salula. Da Injiniya ya ji cewa in ba rijiyar nan akwatinsu zai ci gaba da jan ido a gaban duk unguwa, sai ga shi sharaɗi na tara ashe yana da ƙani, wai in an sa wa kebur ɗin nasa makashin wutar daban ba laifi.

Muka tafi tare. Rabon Alhaji da shiga gidan nan tun yana yaro yana zuwa shan zoɓo. Muka yi sallama, muka same ta a tsakar gida tana tsince zoɓo busasshe a faifai, firiza a buɗe an jingine murfinta don kada ta yi wari. Tana ganin Alhaji ta fara kiciniyar miƙewa, tana neman tabarma, tana cewa, "Nasiru, da kanka? Ai da ka aiko na zo." Ya dube ni. Na je na janye guga, na ciccije na ɗaga dutsen. Ga kan rodin nan, jiƙe sharaf, da guntuwar wayar da aka yanke tana reto a jikin katanga. Na yi mata bayani dalla-dalla, kamar yadda na yi muku.

Ta daɗe tana kallon ramin. Ta ce, "Tsaya in gane. Wannan ƙarfen na gidansu ne?"

Na ce, "Nasu ne, Iya."

"In ba shi, wuta jansu take yi?"

"Ƙwarai."

"Tun yaushe yake nan?"

"Tun ranar da aka sa miki wuta. Tare aka yi su. Malam cewa ya yi wutar tukuicin ƙasarki ce."

Ta koma ta zauna a kan kujerarta 'yar tsuguno. Ba ta ƙara neman tabarmar ba. Alhaji ya durƙusa a kan daɓen, da shaddarsa da komai, ya ce, "Iya, a yafe mana, ban sani ba. A ba mu izini a mayar."

Ta ce, "A mayar mana. Akwai yara a gidan, ba zan so wuta ta taɓa ɗan kowa ba. Kai ba ka sani ba, Nasiru, tashi kada ka ɓata kayanka. Ubanka kuma ya riga mu gidan gaskiya, na yafe masa." Sai ta juyo gare ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Amma kai, Isyaku. Kana zaure ranar da na durƙusa. Shekara ashirin da shida ina raɓewa jikin bango in na ga 'ya'yan gidan nan, ina ganin ni 'yar alfarma ce. Ashe maƙwabtaka muke yi, su ba ni in ba su. Kullum azumi ina kawo maka ƙanƙara kana karɓa kana cewa an gode. Ko sau ɗaya bakinka bai yi maka ƙaiƙayi ba?"

Wuta ta ja ni ya fi sau ashirin a rayuwata, ban taɓa jin abin da na ji a bakin rijiyar nan ba. Kunya ce ta kama ni tun daga kai har ƙafa. Na buɗe jaka na ɗauko fulaya, na haɗa wayoyin nan uku, na naɗe su da salatif ɗin da aka raina. Kafin magariba aka kawo wuta, firiza ta ɗauka, aka leƙo ta kan katanga aka ce fitilar akwati ta koma kore. Alhaji ya zagaya unguwa da motarsa sau biyu, yana gaya wa kowa ai ya faɗa, akwatin kyauta ne.

To takardarku, ku bar ta a nan. Gobe da safe ku zo, akwai gida a bayan Jakara mai magada goma sha ɗaya, zan nuna wa kowannenku waya ɗaya ya bi ta har inda ta ƙare, ya dawo ya gaya mini wane ne a can ƙarshen, da abin da yake ci da ita. Wanda ya iya wannan na sa masa hannu.

Kai mai tambayar Iya Tabawa, tana nan lafiya lau, kasuwarta ta dawo. Yanzu tsakiyar lungu take bi, 'ya'yan Alhaji ke raɓewa su gaishe ta. Ni ma in na gaishe ta tana amsawa, har ta tambayi iyali. Azumin da ya wuce, ranar farko, na zauna a bakin shagon nan tun la'asar sakaliya da kofina a wanke, ina kallon bakin lungu. Na hango ta ta fito da kwanonta a rufe da buhu. Ta wuce ƙofar Alhaji ba ta tsaya ba, ta wuce shagona ta ce, "Isyaku, barka da shan ruwa," ta kai masallaci ta ajiye wa masu wucewa. Aka kira salla, na ɗebi ruwan buta mai ɗumi na sha. Haka na yi har talatin.